YARON DA AKA ƊAUKO DAGA WATA ƘASA: NAKA NE KO AMANA CE?

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda ya tashi maraya, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako. Bayan haka:

Ya kai ɗan'uwa saurayi, mas'alar da za mu tattauna a nan tana iya yi maka kamar ta yi nisa da kai, tun da watakila ko aure ba ka yi ba tukuna. To, ka yi haƙuri ka karanta. 'Yan'uwanmu da yawa suna can Ingila da Amurka da Faransa, waɗansu karatu, waɗansu aiki, kuma a masallatan can tambayar nan ba ta yankewa: miji da mata Musulmi, shekara goma Allah bai ba su haihuwa ba, sun tafi wata ƙasa sun ɗauko yaro daga gidan marayu, me ya halatta a gare su, me ya haramta? Mafi yawan samarinmu kalma ɗaya suka haddace a nan, watau "Haramun ne!" Su faɗa su kaɗe riga su wuce. Lalle akwai abin da yake haramun a cikin lamarin, za mu zo kansa. Amma wanda ya tsaya nan ya karanta aya ɗaya ne ya bar goma.

Bari mu fara da yaron kansa, gama shi ne ba a tambaya. Ka ɗauka waɗansu Musulmi mazauna Amurka sun je Maroko, alƙali ya danƙa musu yaro ɗan wata ashirin daga wani gidan marayu. Su dai sun daɗe suna cike takardu, sun shafe ɗaki da fenti, sun sayi gado da tufafi, dangi sun taru a filin jirgi ana ta murna. A wurinsu ranar salla ce. A wurin yaron fa? Jiya yana cikin ɗakin da ya sani, da warin da ya sani, da matar da take ba shi madara tana yi masa wasa da Larabcin Maroko. Yau an sa shi cikin jirgi wajen sa'a takwas, an sauke shi inda lokacin barci ya rikice, abinci ya sake, harshe ya sake, babu fuska ɗaya da ya sani tun kafin watan jiya. Ba wanda ya yi shawara da shi, ba shi ma da kalmomin da zai yi tambaya da su.

Likitocin yara da suka daɗe suna duba irin waɗannan yara sun san abin da yakan biyo baya a makonnin farko. Wani ya ƙi cin abinci. Wani ya ci har ya yi amai, sa'an nan ya ɓoye gutsuren burodi ƙarƙashin matashi, ko ya riƙe loma a kumatu har barci ya ɗauke shi, domin inda ya fito abinci da lokaci yake zuwa, in ya wuce ya wuce. Wani ya faɗi ya fasa goshi bai yi kuka ba, saboda ya riga ya koyi cewa kuka ba ya kawo kowa. Wani ya zauna kan gado yana kaɗa jikinsa gaba da baya, yana lallashin kansa da kansa. Wani ya riƙa miƙa hannu ga kowane baƙo a kanti, mutane su ce, "Kai, yaron nan akwai son mutane!" alhali kuwa alama ce ta bai san wane ne nasa ba. Wani ya manne wa mijin ya ƙi matar ƙememe, ita da ta yi shekara goma tana jiransa, ta shiga ɗaki ta yi ta kuka ita kaɗai.

Kai ka san yaye. Ka san daren farko da aka kai yaro gidan kaka, yadda ba wanda ya runtsa. Wancan fa kakarsa ce, harshensu ɗaya, tuwonsu ɗaya, uwar kuma tana bayan katanga. To, ina ga wanda aka yaye shi daga ƙasa gaba ɗaya?

Alƙur'ani bai manta da wannan ba. Ka duba Suratul Ƙasas. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana jariri ya shiga gidan da ya fi kowane gida arziki a Masar, matar gidan ta so shi da gaske, har ta yi fatan su riƙe shi ɗa. Amma Allah Ya hana shi karɓar nonon kowace mace da aka kawo. A can wani gefen gari kuma surar ta nuna mana uwa wadda zuciyarta ta wofinta, da 'yar'uwa mai bin sawu daga nesa. Fadar Fir'auna ba ta ga waɗannan mata biyu ba, yaro kawai ta gani a cikin akwati. Allah kuwa Ya gan su, Ya kuma ba mu labarinsu.

Abin da muke so ka riƙe ke nan: kukan yaron nan da ƙin cin abincinsa shaida ne. Yana gaya wa mutanen gida, da harshen da yake da shi, cewa rayuwarsa ba daga filin jirgi ta fara ba. Akwai mahaifar da ta ɗauke shi, akwai uban da ya fito daga tsatsonsa, akwai suna, akwai ƙasa. Mutanen gida kuwa, saboda ƙauna da gajiya, abin da zuciya take raya musu shi ne su share wancan duka, su sake masa suna, su ɓoye takardu, su ce namu ne, mu muka haife shi. Tambayar ita ce, shin ƙauna ta ba mutum wannan iko?

ZAIDU ƊAN WANE NE?

Larabawan Jahiliyya sun amsa da i. Suna da abin da ake kira tabanni, watau mutum ya tsaya gaban jama'a ya ce wane ɗana ne, daga ranar a kira shi da sunansa, su gaji juna, hukuncin ɗan cikinsa ya hau kansa. Shi kansa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wannan kafin a aiko shi. Zaidu ɗan Harisa yaro ne daga ƙabilar Kalbu. Uwarsa ta tafi da shi ganin danginta, mahara suka faɗa musu, aka kama shi, aka sayar a kasuwar Ukaza. Hakimu ɗan Hizamu ya saye shi domin gwaggonsa Nana Khadija, ita kuma ta ba Annabi shi. Ka lura fa, yaro ne da aka raba da ƙasarsa, aka ƙulla ciniki a kansa, uban kuma yana da rai, yana yawo yana cigiya. Da labari ya kai masa, shi da ƙaninsa suka zo Makka da kuɗin fansa. Annabi bai ɓoye yaron ba, bai ce ba shi ba ne, bai kuma karɓi kuɗi ba. Ya kira Zaidu ya ba shi zaɓi a gaban ubansa. Zaidu ya zaɓi zama, saboda abin da ya gani na halin mutumin nan. Nan Annabi ya kai shi wajen Ka'aba ya shaida wa Ƙuraishawa cewa ɗansa ne, aka shiga kiransa Zaidu ɗan Muhammadu.

Haka aka yi ta kira shekaru masu yawa, har aka yi hijira, sa'an nan aya ta 4 da ta 5 ta Suratul Ahzabi suka sauka. Allah Ya bayyana cewa faɗar baki ba ta mai da ɗan wani ya zama ɗanka, Ya yi umarni a jingina su ga ubanninsu domin shi ne mafi adalci a wurinSa, in kuma ba a san ubannin ba, to, 'yan'uwa ne a addini kuma majiɓinta. Daga ranar ya koma Zaidu ɗan Harisa. Buhari da Muslimu kuma sun ruwaito gargaɗi mai tsanani, na haramta Aljanna ga wanda ya jingina kansa ga wanda ba ubansa ba alhali yana sane.

To, yanzu ka tsaya ka yi tunani. Me ayar ta ɗauke, me ta bari? Ta kori Zaidu daga gida? A'a. Ta rage ƙauna? Ko kaɗan. Sahabbai sun ci gaba da kiransa masoyin Manzon Allah. Shi kaɗai ne sahabin da aka ambaci sunansa a cikin Alƙur'ani, a aya ta 37 ta wannan sura. Shi aka ba tutar farko a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, inda ya yi shahada, Annabi ya yi kuka saboda shi. Ɗansa Usama kuwa kan cinyar Annabi ya tashi tare da Hasan. Abu ɗaya aka ɗauke, shi ne ƙarya game da asali. Ciyarwa da tufatarwa da tarbiyya da runguma duk suna nan, har ma an ƙara musu lada.

Wani zai ce, "Malam, suna kawai? Wa ya cutu?" Ai ba sai mun yi dogon jayayya ba, tarihin shekarun nan ya isa amsa. Tun bayan yaƙin Koriya, wanda ya tsaya a 1953, yara wajen 200,000 aka kwashe daga Koriya ta Kudu zuwa Amurka da Turai. Suka girma, suka koma neman asalinsu, da yawa suka tarar takardunsu na ƙarya ne: an rubuta yaro ba shi da kowa alhali uwarsa tana da rai, wani ma sunan wani yaro dabam aka liƙa masa. A watan Maris na 2025 hukumar binciken gaskiya ta gwamnatin ƙasar ta fito ta tabbatar an tauye haƙƙin yaran, ta ce gwamnati tana da alhaki. Mutum ɗan shekara hamsin yana tsaye a ofis a birnin Seoul, ba ya jin harshen ma'aikacin, yana roƙon a gaya masa sunan uwarsa. Wannan shi ne "suna kawai".

Ga kuma wanda ya faru kusa da gida. A watan Oktoba na 2007 aka kama waɗansu Faransawa 'yan wata ƙungiya mai suna L'Arche de Zoé a garin Abeche, gabashin Chadi, suna shirin ɗora yara 103 a jirgi zuwa Faransa, inda iyalai suke jira. Sun ce marayun yaƙin Darfur ne, har an naɗa wa waɗansunsu bandeji alhali ba su da rauni. Da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da Red Cross suka bincika, sai ga shi 91 daga cikinsu suna zaune ne da aƙalla mutum ɗaya da suke ɗauka mahaifi, mafi yawansu kuma daga ƙauyukan Chadi na bakin iyaka. Iyayen sun ce makaranta aka yi musu alkawari. Kotun Njamena ta yanke wa mutum shida ɗaurin shekara takwas, aka mai da su Faransa, a 2008 kuma Shugaba Idriss Deby ya yafe musu. Da jirgin nan ya tashi fa? Da yau akwai samari da 'yan mata ɗari da uku a Faransa masu sunayen da ba nasu ba, iyayensu kuma suna duban hanya. Tirmizi ya ruwaito daga Abu Ayyuba cewa wanda ya raba uwa da ɗanta Allah zai raba shi da masoyansa ranar Ƙiyama.

Ba mu ce duk wanda ya ɗauko yaro ɓarawo ne ba. Yawancin iyalan nan mutane ne masu tausayi, sun kashe dukiyarsu, waɗansu sun ɗauki yara masu naƙasa waɗanda ba wanda ya waiwaya. Adalci ne a faɗi haka ko da ba Musulmi ba ne. Amma inda kuɗi masu yawa suke jiran "maraya", dole a sami masu ƙera marayu. Saboda haka aka ƙulla yarjejeniyar birnin Heg a 1993 domin a tsare hanyar, duk da haka ƙasashe suka yi ta rufe ƙofa. A 2004 yara kusan 23,000 suka shiga Amurka ta wannan hanya, daga nan adadin ya yi ta faɗuwa. Habasha ta hana a 2018, Ingila ta dakatar da ɗauko yara daga Nijeriya a 2021 saboda rashin amincin takardu, Sin kuma ta rufe nata a 2024.

AMMA KADA KA YI MURNA TUKUNA

Na san wani saurayi yana karanta wannan yana gyaɗa kai, yana cewa ai ga shi nan, da ma mun faɗa. Tsaya, ɗan'uwa. Kai me ka yi? Wanda ya ce tabanni haramun ne sa'an nan ya naɗe hannu, ya bar yaro a gadon ƙarfe tare da yara ashirin da mai reno ɗaya, wannan bai bi Sunna ba, ya dai sami aya ya fake da ita. Bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Romaniya a ƙarshen 1989 duniya ta ga gidajen marayu cike da dubban yara. Masana suka bi waɗannan yara shekara da shekaru, abin da suka gano kuwa shi ne zaman gidan marayu da kansa cuta ne ga girman jiki da hankali da magana, kuma yaron da aka kai cikin iyali kafin ya cika shekara biyu ya fi saurin farfaɗowa. Yaro ba shinkafa kaɗai yake bukata ba. Yana bukatar mutum ɗaya wanda in ya yi kuka shi zai zo, gobe ma shi zai zo.

Wannan shi ne kafala, abin da mu muke ce wa riƙo. Buhari ya ruwaito daga Sahlu ɗan Sa'adu cewa Annabi ya yi ishara da yatsunsa biyu, manuniya da ta tsakiya, yana nuna kusancinsa da mai riƙon maraya a Aljanna. Malaman fiƙihu sun ce ɗaukar tsintaccen yaro farilla ce ta kifaya, in kowa ya bari kowa ya yi laifi. A cikin Muwaɗɗa, wani mutum ya zo wa Sayyidina Umar da jaririn da ya tsinta, Umar ya hukunta cewa yaron ɗa ne, ciyar da shi kuma yana kan baitulmali. Shi kansa Annabi daga hannu zuwa hannu ya tashi: Halima ta shayar da shi, uwarsa ta rasu a Abwa'u yana shekara shida, Ummu Aimana ta dawo da shi, kakansa ya riƙe shi shekara biyu, sa'an nan Abu Ɗalibi. Ba a mai da nasabarsa ga Abu Ɗalibi ba, ba kuma wanda ya ce Abu Ɗalibi ya gaza a ƙauna.

A nan sai mun faɗi wata magana mai ɗaci. Yaran da suke gidajen marayu, a Maroko da sauran ƙasashen Musulmi, da yawansu ba mutuwa ce ta raba su da iyaye ba, kunya ce da talauci. Mu kuma muna da wata kalma da muke jifansu da ita, wadda ba sai an rubuta ta ba. Wane zunubi yaron ya yi? Alƙur'ani ya maimaita a wurare da dama cewa ba a ɗora wa rai kayan wani. Ayar Ahzabi da kanta ta ba wanda ba a san ubansa ba matsayi, ta ce ɗan'uwa ne a addini. Malaman zamanin nan sun yi fatawa cewa hukuncinsa hukuncin maraya ne, ya ma fi maraya bukata, tun da shi ba kawu ba baffa. Ƙyamarsa al'adar Jahiliyya ce, kome yawan masu yinta. Kuma ka sani, ɗan'uwa, da yawa daga yaran nan wani saurayi ne ya gudu ya bar su.

Dokokin ƙasashe sun san bambancin nan. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta ambaci kafala da sunanta a sashe na 20. Dokar iyali ta Aljeriya ta 1984 ta haramta tabanni ta tsara kafala. Maroko ta yi dokar kafala a 2002, ta sharɗanta mai riƙo ya zama Musulmi, a 2012 kuma ma'aikatar shari'arta ta tsaurara wa waɗanda ba mazauna ƙasar ba, domin yaron da ya ƙetare teku da wuya alƙali ya iya bin sawunsa. Tunisiya ce ta fita dabam, ta halatta tabanni a dokarta tun 1958.

MAKONNIN FARKO

Mu koma gidan nan na Amurka, yaro ya kwana goma. In an tambaye ka, da me za ka fara?

Ka fara da nono, domin shi ne ba ya jira. Yaron nan zai balaga, kuma ba muharramin matar gidan ba ne. Shari'a ta buɗe ƙofa guda, ita ce shayarwa, amma ƙofar tana da lokaci. A mazhabar Maliku, kamar yadda yake a Risala, nonon da ya isa cikin yaro a cikin shekara biyu yana haramta aure ko da tsotsa ɗaya ce, an kuma yi rangwamen wata ɗaya ko biyu bayan haka, sai dai in an riga an yaye shi ya wadatu da abinci, to, abin da ya sha daga baya ba ya aiki. Shafi'i da Ahmadu sun ce sai sha biyar a cikin shekara biyun. Ka ga ɗan wata ashirin kwanakinsa ƙirgaggu ne, saboda haka a tambayi malami tun kafin a sayi tikitin jirgi. Ba lalle ne ya kama nono da baki ba, mafi yawan malamai sun ce wanda aka tatsa aka ba shi a kofi ma yana aiki. In matar ba ta da nono, akwai waɗanda likita yake taimaka musu ya zo, akwai kuma hanyar dangi: in 'yar'uwarta mai goyo ta shayar da yaron, ita ta zama innarsa. In yarinya ce aka ɗauko, 'yar'uwar mijin ta shayar da ita, shi ya zama kawunta. In duk bai yiwu ba, a kiyaye hukuncin hijabi bayan balaga, ba a ce a fasa riƙo ba. Matsalar ba sabuwa ba ce. Sahla matar Abu Huzaifa ta kawo irinta game da Salimu wanda ya girma a gidansu, aka ba ta sauƙi, sai dai mafi yawan malamai sun ce sauƙin nan na Salimu ne shi kaɗai.

Sai suna. Yaro ɗan wata ashirin dukiyarsa a duniya ba ta wuce sunansa da ɗan tsumman da ya zo da shi ba. In sunan ba shi da aibi a shari'a, don me za a karɓe? A ci gaba da kiransa da abin da yake waiwayowa in ya ji. Tsumman ma kada a yi gaggawar wankewa, warin gida ne a jikinsa. Wahalar tana wajen hukuma, domin a Amurka bayan kotu ta tabbatar da riƙo ana fitar da sabuwar takardar haihuwa mai ɗauke da sunayen masu riƙo a gurbin iyaye. Malamai sun saɓa kan wanda doka ta tilasta masa. Abin da ya fi ƙarfi a wurinmu shi ne, duk inda za a iya barin sunansa na asali a bar shi, inda kuma babu makawa domin fasfo da zama ɗan ƙasa, to, takarda ta ce abin da za ta ce, amma yaro da dangi da jama'ar masallaci su san gaskiya. Ayar ta 5 ta rataya laifi ga abin da zuciya ta yi ganganci. Cewa "ɗana" ta fuskar tausayi kuwa ba kome, Annabi ya kira Anas da irin wannan, kowa kuma ya san Anas ɗan Maliku ne.

Harshensa zai tafi da sauri, cikin 'yan watanni, tun kafin sabon ya zauna, sai ya zama na ɗan lokaci ba shi da wancan ba shi da wannan, shi ya sa fushi da jifa da cizo. Amma bai mutu ba. A 2014 masu bincike a Jami'ar McGill ta Kanada suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar yaran da aka ɗauko daga Sin suna jarirai, suka tashi da Faransanci kaɗai, sai suka ga ƙwaƙwalwarsu tana amsa karin sautin Sinanci kamar ta masu jin harshen, alhali su ba su tuna ko kalma ɗaya ba. Subhanallahi. Mai riƙo ya koyi kalmomi ashirin na harshen yaron, ruwa, zo, barci, sannu, ya fi masa amfani bisa kayan wasa cike da ɗaki.

Game da kukan dare kuwa, a yi hattara. Nan ne tsofaffi da maƙwabta, har ta tarho daga gida, za su fara cewa yaron yana da iska, ko an yi masa baki, ko jininsa ne ba kyau, a nemo laya, a aiko da rubutu da turare. Kada a buɗe wa shirka ƙofa da hawayen maraya. Yaro ne mai baƙin ciki. A kai shi likita ya duba kunnensa da cikinsa da jininsa, a karanta masa abin da ya tabbata a Sunna na neman tsari, a kwantar da shi kusa, a rage baƙi na 'yan makonni, mutum biyun nan su kaɗai su riƙa ba shi abinci da wanka har ya gane su waye nasa. In ya ɓoye burodi kada a ƙwace, a bar masa ɗan kwano inda hannunsa yake kaiwa, da kansa zai daina ran da ya yarda gobe ma akwai. Umar ɗan Abu Salama agola ne a gidan Annabi, hannunsa yana yawo cikin akushi, ba a buge hannun ba, aka kira shi da taushi aka koya masa ya ambaci Allah, ya ci da dama, ya ci gabansa. Ya ce haka ya ci gaba da ci tun daga ranar.

Kai kuma namiji, kada ka ce wannan aikin mata ne. Wanda ya yi limanci da jikarsa Umama a kafaɗa, wanda yake gajarta salla in ya ji kukan yaro, ya fi ka mazantaka. In yaron ya ƙi matarka ya manne maka, kai za ka tashi ƙarfe biyun dare, kai kuma za ka lallashe ta da safe. In wata uku ya wuce ba ka ji ƙaunar da ka zata ba, kada ka firgita, ka ci gaba da aikin, ba a kallafa maka abin da zuciya take ji ba. Abin da ba ka da ikonsa shi ne mayarwa. A 2010 wata mata a Amurka ta ɗora yaro ɗan shekara bakwai shi kaɗai a jirgi zuwa Mosko, da wasiƙa a hannunsa cewa ba ta iya riƙonsa. Wanda bai tabbata zai jure ba, gara ya aika da kuɗin ga wata gwauruwa ta riƙe 'ya'yanta a ɗakinta, wannan ma kafala ce, sau da yawa ma ita ta fi.

Gado kuwa ba ya ci, kada a yi wa magada wayo, kada kuma a bar shi a titi. Kana da sulusin dukiyarka na wasiyya, kana da ikon kyauta tun kana da rai, a rubuta, a kafa shaidu, a miƙa masa abin a hannu. Mutane nawa suka riƙe yaro shekara ashirin, suka mutu ba rubutu, ran sadakar uku aka nuna masa ƙofa? Wannan kam ba sai an je Amurka ba.

Tun makon farko a sami akwati. A sa hukuncin alƙali na asali, da sunan gidan marayun da garinsa, da sunan matar da ta rene shi, da hotunan ɗakin, da rigar da ya zo da ita, da duk abin da aka ji game da uwarsa kome ƙanƙantarsa. Kada a jira ya balaga a zaunar da shi a fasa masa labari kamar tulu. A riƙa faɗa masa tun bai gane ba, daidai hankalinsa, ana buɗe akwatin tare da shi, a riƙa sa uwarsa cikin addu'ar dare ba tare da an aibata ta ba. Wata rana, yana shekara bakwai ko goma sha bakwai, zai ce yana so ya je ya ga garin. Ka tanadi kuɗin jirgi na mutum biyu.